Tambayoyi da amsoshi a kan fatalwoyi, dodanni da almarar Chaina, Japan, Koriya da maƙwabtansu

Tambayoyin nan kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa, wasu daga masu kallon finafinan Chaina da na Koriya, wasu daga 'yan kasuwarmu da ke zirga-zirga Guangzhou, wasu kuma ɗalibai ne da suka zauna Malesiya suka ji abin da ya ɗaure musu kai. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Abu ɗaya nake roƙo, a daina tattara komai a ce "aljanun Chaina", ƙasashe ne da yawa kuma kowace da irin nata tsoron.

Wai duk aljanu ne, ko akwai bambanci a tsakaninsu?

Akwai bambanci sosai. A dunƙule dai kashi uku ne. Akwai fatalwa, wato mutum ne ya mutu amma wai ruhinsa ya ƙi tafiya, a Chaina suna cewa gui, a Japan yurei, a Koriya gwisin, a Tailan phi, a Malesiya da Indonesiya kuma hantu. Akwai halittun da ba su taɓa zama mutane ba, dodannin ruwa da na daji da dabbobi masu rikiɗa, Japanawa suna kiran waɗannan yokai. Sai na uku, waɗanda ake bauta wa ko ake roƙo, kamar kami a addinin Shinto na Japan ko nat a Myanmar, inda ake da fitattu guda 37 da aka ware.

Iyakar ba ta da ƙarfi fa. Yawancin nat ɗin nan 37 mutane ne da aka ce sun yi mummunar mutuwa, daga baya aka gina musu wurin bauta, to ka ga fatalwa ta koma abin roƙo. Haka Mae Nak ta Tailan, za ka ga labarinta a amsa ta gaba.

Me ya sa kullum mace ce, da fararen kaya da gashi baje a fuska?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma amsarta ta fi taɓa ni. Fararen kayan nan kayan gawa ne, a Japan ta da da farar riga ake binne mamaci, mace kuwa a rayuwarta gashinta a ɗaure yake, sai ta mutu ake kwance shi. Saboda haka duk Bajapane da ya ga wannan siffa ya san gawa yake kallo, kamar yadda kai ma in ka ga mutum naɗe da likkafani ba sai an yi maka bayani ba. A Koriya ma fari shi ne kayan makoki.

Batun mace kuma, in ka bi labaran ɗaya bayan ɗaya za ka tarar kusan duk wadda aka zalunta ce. Okiku ta Japan baiwa ce a gidan wani babba, aka ba ta ajiyar faranti goma masu tsada, ta ƙi amincewa da shi, sai aka ɓoye ɗaya aka ɗora mata laifi aka kashe ta aka jefa a rijiya. Wai kullum dare sai a ji muryarta tana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, har tara, sai ta fashe da kuka. Har yau a fadar Himeji akwai rijiyar da ake nuna wa baƙi da sunanta. Oiwa kuwa, ita ma ta Japan, guba aka ba ta fuskarta ta lalace don mijinta ya samu ya auri 'yar masu kuɗi, an fara wasan kwaikwayon labarinta a 1825, kuma har gobe masu yin wasan sukan ziyarci wurin da aka keɓe mata kafin su fara. A zamanin da mace ba ta da inda za ta kai ƙara, labarin ne kaɗai kotun da ta rage mata, ni haka nake fahimtarsa.

Mae Nak tata daban ce, ita ƙauna ce ta hana ta tafiya. An ɗauki mijinta Mak yaƙi tana da ciki, ta rasu wajen haihuwa ita da jaririn, ya dawo ya same ta a gida tana jiransa, bai san ta mutu ba, maƙwabta kuma duk wanda ya yi yunƙurin gaya masa sai ya gamu da bala'i. Ranar da ya gane, lemon tsami ne ya faɗi ta tsakanin katakon ɗaki, sai ya ga hannunta ya miƙe ya yi tsawo har ƙasa ya ɗauko. A Wat Mahabut da ke Bangkok akwai wurinta, mutane na kai riguna da kayan wasan yara, samarin da ke tsoron a ɗauke su aikin soja ma suna zuwa.

Mece ce wannan dabba mai wutsiya tara da take zama kyakkyawar mace?

Dangin dila da yanyawa ce, kuma kamar dilan tatsuniyarmu ita ma da wayo aka san ta. Imanin shi ne in ta daɗe a duniya, shekaru ɗaruruwa, sai wutsiyarta ta riƙa ƙaruwa har tara, ta kuma iya rikiɗa. Asalin labarin daga Chaina ne inda ake ce mata huli jing, ya ƙetara Koriya ya zama gumiho, ya je Japan ya zama kitsune. Amma halinta ba ɗaya ba ne a ƙasashen uku. Ta Koriya ita ce mafi muni a tsofaffin labarai, hanta ko zuciyar namiji take ci, burinta ta zama mutum. Ta Chaina tana iya zama muguwa kamar wata mai suna Daji, wadda aka ce ita ta juya kan sarkin ƙarshe na daular Shang har mulkinsa ya rushe, tana kuma iya zama matar kirki mai riƙon amana, musamman a labaran Pu Songling wanda ya rasu a 1715 ya bar gajerun labarai kusan 500. A Japan kuwa farar kitsune 'yar aiken Inari ce, abin bautar shinkafa da arziki, shi ya sa in ka ga hoton wurin bautar Fushimi Inari a Kyoto za ka ga gumakanta a bakin ƙofa.

Gawar nan mai tsalle da takarda a goshi fa, daga ina ta samo asali?

Jiangshi kenan, ma'anar sunan sandararriyar gawa. Ta sandare ne shi ya sa ba ta iya lanƙwasa gwiwa, sai tsalle da hannuwa a miƙe. Rawayar takardar goshin laya ce ta malaman addinin Tao, in tana manne gawar ba ta motsi, kayan jikinta kuma na ma'aikatan daular Qing ne wadda ta faɗi a 1912. Wai da numfashi take gane mai rai, sai ka ga ana toshe hanci.

A ƙarƙashin labarin akwai wani abu na gaske. Mutumin Chaina yana ganin babban rashi ne a binne shi nesa da kakanninsa, to a yammacin lardin Hunan, ƙasar duwatsu ce, a da akwai masu sana'ar mayar da gawar matafiyi gida, da dare suke tafiya suna kaɗa ƙararrawa don mutane su kauce. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne ana ɗaure gawarwakin a tsaye a jikin dogayen gora biyu, mutum biyu su saɓa a kafaɗa, gora kuwa tana lanƙwasa tana dawowa, wanda ya hango daga nesa cikin duhu sai ya ga kamar matattu ne a jere suna tsalle. Akwai wata gawa mai tsalle a Indonesiya, ba su da alaƙa, duba amsar da na bayar a kan ƙasashen Musulmi.

Diragon ba mugun abu ba ne? Me ya sa suke alfahari da shi?

Na Turawa ne mugu mai fuka-fuki da aman wuta. Na Chaina, long, dogo ne kamar maciji, mai ƙaho da gemu, kuma na ruwa ne, shi ake roƙo in damina ta yi gardama. Suna da sarakunan diragon huɗu, kowanne da tekunsa. A zamanin sarauta, sarkin Chaina shi ne mai sa diragon mai farce biyar a rigarsa. Mutanen Biyetnam cewa suke su jikokinsa ne ma, wai Lac Long Quan ɗan diragon ya auri Au Co 'yar duwatsu, ta haifi ƙwai 100, 'ya'ya 50 suka bi uba bakin teku 50 suka bi uwa kan tudu. A Tailan da Laos da Kambodiya kuma naga ne, babban macijin kogin Mekong.

Ina Guangzhou na ga mutane suna ƙona kuɗi a bakin titi da dare, mene ne haka?

Ba kuɗin gaske ba ne, takarda ce da aka buga don matattu. In a watan Agusta ko farkon Satumba ka gani, to watan bakwai ne na kalandarsu ta wata, wanda suke kira watan fatalwa. Imaninsu ƙofar lahira tana buɗewa a watan, matattu su fito ziyara, ranar 15 ga watan ita ce babba. Wanda yake da zuriya za a ƙona masa kuɗin takarda, har da gidan takarda da mota da waya, a ajiye masa abinci. Wanda ba shi da kowa shi ne "mayunwaciyar fatalwa", shi ya sa ake ajiye wani abincin a bakin hanya don waɗanda aka manta da su. A Singafo da Malesiya har dandalin waƙa ake kafawa a bar layin kujerun gaba babu kowa, na baƙin ɓoye ne, kar ka zauna a wurin. A watan da yawa ba sa ɗaura aure, ba sa tarewa a sabon gida, ba sa iyo. In abokin cinikinka ya ɗaga wata sabuwar harka zuwa wata mai zuwa, ƙila dalilin kenan. Shawarata kawai, kar ka taka tokar ko abincin, ka kewaye ka wuce abinka, ba don tsoro ba, don mutumin da ya ajiye iyayensa yake tunawa.

Japan ma suna da nasu, Obon, a tsakiyar Agusta, kowa ya koma garinsu a share kaburbura, a ƙarshe a saki fitilu a kan ruwa don raka matattu. A Kambodiya Pchum Ben ne, kwana 15.

Tunda muna kan Guangzhou, masu tambaya me ya sa wasu benaye ba su da hawa na 4 a lif, kalmar huɗu da kalmar mutuwa ne furucinsu ya yi kusa a yarensu, haka ma a Japananci da Koriyanci. Takwas kuwa a yaren Chaina ta yi kama da kalmar arziki, shi ya sa lambar waya mai 8 da yawa take tsada.

Indonesiya da Malesiya ai Musulmi ne, su ma suna da irin waɗannan?

Suna da su, kuma nasu ne zai fi yi maka kama da na gida, don su ma suna cewa jin, suna ruƙiyya, suna da bokaye da suke kira dukun ko bomoh. Pocong gawa ce cikin likkafani, wai in an sa mamaci a kabari aka manta ba a kwance ƙullin likkafanin ba sai ya fito yana tsalle yana neman mai kwance masa. Ka ga wannan sai a ƙasar da ake yi wa gawa sutura irin ta Musulunci.

Pontianak, ko kuntilanak a Indonesiya, mace ce da ta mutu da ciki ko a wajen haihuwa, tana zama a bishiyar ayaba, ana jin ƙamshin fure kafin ta bayyana, wai in kukanta ya yi kusa to tana nesa, in ya yi nisa to tana bayanka. Akwai babban birni sukutum mai suna Pontianak a tsibirin Borneo, Syarif Abdurrahman Alkadrie ya kafa shi a 1771, labari ya ce da igwa ya kori fatalwoyin daga wurin kafin ya gina masallaci da fada, kuma har yanzu daren sallah ana buga manyan igwa na katako a bakin kogin Kapuas. Sai toyol ko tuyul, ɗan ƙaramin yaro da ake cewa mai tsafi yana aika shi satar kuɗin maƙwabta. A kudancin Java kuma akwai Nyi Roro Kidul sarauniyar teku, ana hana mutane sa koren kaya a bakin ruwan wai launinta ne za ta ja ka, tekun wurin dama yana da igiyar ruwa mai ja da ta ci mutane da yawa. Malamansu na Musulunci sun daɗe suna wa'azi a kan waɗannan abubuwa kamar yadda namu suke yi a kan bori da camfi.

Da gaske akwai kan mace da ke tashi da hanji a rataye?

A labari akwai, kuma abin mamaki kusan duk yankin sun san shi, penanggalan a Malesiya, krasue a Tailan, ahp a Kambodiya, leyak a Bali. A Filifin manananggal ce, ita daga ƙugu take rabewa ta fito da fuka-fuki, maganinta a nemo rabin jikin da ta bari a zuba gishiri ko toka ko tafarnuwa, in gari ya waye ba ta haɗe ba shi kenan. Duk masu ciki da jarirai suke nema, wannan kuma yana nuna maka abin da mutanen ƙauye suka fi tsoro a lokacin da babu asibiti.

Amma a nan nake so a yi hattara. Da rana mutum ce kamar kowa, maƙwabciya, galibi tsohuwa ko ungozoma, wato zargin maita ne dai irin wanda muka sani. Kuma yana kisa. A 1998 a Banyuwangi da ke gabashin Java an kashe sama da mutum 100 bisa zargin su matsafa ne, cikinsu har da malaman addini. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake taruwa a kan tsohuwa a ce ta kama kurwar yaro ya san wannan ba abin nishaɗi ba ne.

Ɗan ƙaramin gidan da ake kafawa a kan ginshiƙi a gaban shaguna a Tailan fa?

Na mai wurin ne, wato ruhin da suka yi imani yana zaune a filin tun kafin a yi gini, sai a yi masa nasa gida don kar ya shigo naka. Ana ajiye fure da turare da shinkafa, da jan lemon kwalba, yawanci Fanta, da tsinken sha a ciki. A Filifin in mutum zai wuce suri ko babbar bishiya sai ya ce "tabi tabi po", neman izini ne ga tsohon da wai yake zaune a ciki. Wanda ya tashi ana hana shi zama gindin tsamiya da tsakar rana ko zuba ruwan zafi a ƙasa ba bismilla ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sarkin biran nan mai sanda, ya taɓa wanzuwa?

Birin, Sun Wukong, ƙirƙira ce, daga wani dogon littafi na ƙarni na 16 da ake jingina wa Wu Cheng'en. Amma malamin da birin yake yi wa rakiya a littafin mutum ne na gaske, Xuanzang, malamin addinin Buda da ya bar Chaina wajen 629 ya ratsa hamada da duwatsu zuwa Indiya, ya dawo a 645 da ɗaruruwan littattafai ya zauna fassara har ya rasu.

Su ma suna da dannau?

Ƙwarai kuwa. Japanawa suna cewa kanashibari, 'yan Chaina suna cewa fatalwa ta danne gado, a Indonesiya ketindihan. Likitoci sun bayyana shi, a lokacin mafarki ƙwaƙwalwa tana kashe motsin jiki don kar ka aikata abin da kake gani, wani lokaci sai ka farka jikin bai saki ba tukuna, ga ido biyu ga nauyi a ƙirji, kowa kuma sai ya ga abin da al'adarsa ta koya masa tsoro. Wannan ba ya kisa.

Akwai wani daban da yake kisa, kar a haɗa su. A Filifin suna kiransa bangungot, a Tailan lai tai, saurayi lafiyayye ya kwanta ya yi gurnani cikin barci a wayi gari babu shi. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 an samu sama da mutum 100 da suka mutu haka cikin 'yan gudun hijirar yankin a Amurka, da yawansu 'yan ƙabilar Hmong. A ƙauyukan arewa maso gabashin Tailan cewa ake fatalwar bazawara ce take ɗaukar maza, har maza su shafa jan farce ko a rataye jar riga a ƙofar gida don a ruɗe ta. Daga baya aka danganta da yawa daga cikin mace-macen da wata matsalar bugun zuciya da ake gado, ciwon Brugada, wanda aka bayyana a 1992. In a danginku an taɓa samun matashi ya mutu cikin barci haka kawai, don Allah a je a duba zuciya.

Mutanen da suka ƙera jirgin ƙasa mai gudun tsiya, har yanzu sun yarda da wannan?

Wasu sun yarda, wasu al'ada ce kawai, da yawa kuma suna tsakiya. Amma labaran ba su mutu ba. Kumbunan da Chaina take aikawa duniyar wata sunansu Chang'e, matar da almara ta ce ta sha maganin rashin mutuwa ta tashi ta koma wata, motar binciken da suka sauke a 2013 kuma Yutu, sunan zomon da yake taya ta zama. Koriya ta Kudu tana hutu duk 3 ga Oktoba don tunawa da Dangun, wanda aka ce ya kafa ƙasar a 2333 kafin haihuwar Annabi Isa, uwarsa wai dabbar beyar ce da ta jure zaman kogo tana cin tafarnuwa da wani ganye mai ɗaci dangin tazargade har ta zama mace, damisar da suka shiga tare ta kasa ta gudu. Lokacin korona a 2020 Japanawa sun tono amabie, wata halittar ruwa mai baki kamar na tsuntsu da aka zana a 1846, wadda wai ta ce a nuna hotonta in annoba ta zo, har ma'aikatar lafiyarsu ta sa ta a sanarwa. A shekarar dai, a ƙauyen Kepuh a Java, matasa suka naɗe kansu kamar pocong suna zama bakin hanya da dare don mutane su zauna a gida.

A cikinsu duka wanne ya fi tsaya maka a rai?

Wanda babu fatalwa a cikinsa ne, Malin Kundang, daga mutanen Minangkabau na yammacin Sumatra. Yaro ne ɗan talaka, uwarsa ita kaɗai ta raine shi, ya girma ya ce zai tafi neman arziki, ta raka shi bakin ruwa. Shekaru suna wucewa kullum tana zuwa tana duba jiragen da suka iso. Shi kuwa ya yi kuɗi ya auri 'yar manya, wata rana jirginsa ya tsaya a garinsu, tsohuwa ta taho da gudu cikin tsummokaranta ta rungume shi tana kiran sunansa, ta gane shi da tabon da ke jikinsa. Ya dubi matarsa, kunya ta kama shi, ya ture tsohuwar ya ce bai san ta ba. Ta ɗaga hannu ta ce in dai ba ɗanta ba ne ta yafe, in kuwa ɗanta ne to ya zama dutse. Jirgin bai yi nisa ba hadari ya taso ya farfasa shi. A bakin tekun Air Manis kusa da birnin Padang akwai dutse mai siffar mutum ya durƙusa ya kifa goshinsa a ƙasa, iyaye suna kai 'ya'yansu su gani.